Renon kiristal a kwalba: abin da ke faruwa a cikin ruwan, da sinadarin da ya dace da yaran Maraɗi

Duk shekara idan damina ta ja baya, aka shiga yankan hatsi, yara suka koma lakwal, wasu gajerun bidiyo kan yi ta yawo a wayoyin iyaye da malamai. Za ka ga yaro a Amurka ko Turai ya lanƙwasa wata waya mai gashi-gashi ya yi siffar ganye da ita, ya rataya ta cikin kwalbar ruwan zafi da aka narka wani farin gari, washegari ya ciro ta duk ta lulluɓe da ƙananan duwatsu masu ƙyalli. A can aikin kaka ne, don a lokacin ne ganyen itatuwansu ke yin ja da rawaya yana zuba, sanyi kuma ya fara kora yara cikin ɗaki.

A nan Maraɗi bidiyon kan bar mutane da tambayoyi. Wasu na ɗauka dutse mai daraja ake haɗawa. Wasu na cewa ai farin garin nan kanwa ce. Malamai kuwa tasu tambayar ita ce ko abin zai yiwu a aji mai cunkoso, inda babu ɗakin gwaji, wani wurin ma babu famfo.

Mene ne kiristal?

Kiristal shi ne duk wani daskararren abu da ƙwayoyin zarrar da suka haɗa shi suke a jere bisa tsari guda, tsarin yana maimaita kansa ta kowace fuska. Gishiri kiristal ne, haka sukari, ƙanƙara, alif, yawancin yashin gulbi, da daimon. Gilashi kuwa, duk da ƙyallinsa, ba ya cikinsu, don ƙwayoyinsa a hargitse suke. Ke nan tsarin ciki ake dubawa, ba ƙyalli ko tsada ba.

Tsarin cikin ne ke fitowa fili ya zama siffar waje. Idan ka zuba gishiri mai tsabta a baƙin ƙyalle ka duba da kyau, za ka ga kowace ƙwaya ƴar akwati ce mai fuska shida daidai wa daida. Alif kuma kan fito da fuska takwas, kowace mai kusurwa uku. Ko a Maraɗi aka rene shi ko a Tokiyo, siffar ba ta sauyawa. Masana sun daɗe suna zargin haka kafin su samu hujja. A 1912 Max von Laue da abokan aikinsa a Jamus suka haska kiristal da irin hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti, suka ga ya watsu bisa tsari. A 1913 William Bragg da ɗansa Lawrence a Ingila suka bi wannan hanya suka gano yadda ƙwayoyin gishirin miya suke jere. Uba da ɗa suka karɓi kyautar Nobel tare a 1915, ɗan yana da shekara 25.

Yadda dutse ke fitowa daga ruwa

Ruwa yana da iyakar abin da zai iya narkarwa. Idan ka yi ta zuba gishiri kana motsawa, za a kai inda sauran zai kwanta a ƙasa ya ƙi narkewa. A nan ruwan ya ƙoshi. Idan wani dalili ya sa abin da ke cikin ruwan ya fi ƙarfinsa, dole rarar ta fita, kuma ba ta fita a hargitse: kowace ƙwaya kan nemi gurbin da ya dace da ita a jikin wadda ta riga ta zauna. Kamar jera buhunan gyaɗa ne a sito. Idan ƴan dako suna kawowa ɗaya bayan ɗaya, layi kan tafi sambal har sama, idan kuwa aka juye mota guda a lokaci ɗaya, sai tsibi. Shi ya sa kiristal ɗin da ya girma a hankali yake fitowa babba, garau, wanda aka gaggauta kuma ya fito ƙanana birjik masu duhu-duhu.

Hanya biyu ce ke sa rarar ta fita: ruwan ya huce, ko ya ƙafe. Wadda za a bi ta dogara da sinadarin, kuma a nan ne mutane da yawa ke yin kuskure. Giram 100 na ruwa mai sanyin ɗaki, wato digiri 20, yana narkar da gishiri wajen giram 36. Idan ya tafasa, abin da zai ɗauka bai wuce giram 39 ba. Zafi bai ƙara masa wani abin kirki ba, saboda haka wanda ya narka gishiri a ruwan zafi yana jiran ya ga abin mamaki da safe zai tarar da ruwa kawai. Gishiri sai an jira ƙafewa, kwanaki ko makonni. Sukari daban ne: wajen giram 200 a ruwa mai sanyin ɗaki, kusan 490 a tafasasshe. Alif kuma wajen giram 14 a digiri 20, amma ya kai wajen 37 a digiri 50. Waɗannan biyun da zarar ruwan ya huce za su fara fita, alif ma cikin dare guda.

Aikin da Kawar ta daɗe tana yi

Abin da bidiyon ke nunawa a kwalba, mutanen Bilma da ke yankin Kawar da na Fachi, can cikin hamadar arewa maso gabashin Nijar, sun yi ƙarnoni suna yin sa a fili. Suna haƙa ramuka, ruwan gishiri ya tsattsafo daga ƙasa, rana ta ƙafar da shi, ɓawo ya taru a sama, a farfasa shi ya nutse, wani ya sake taruwa. Daga nan ake samun beza, farin gishirin miya, da kuma wanda ake cakuɗawa a zuba a mazubi ya zama kantu na dabbobi. Kuma a daidai wannan lokaci na kaka ne ayarin raƙuman Abzinawa kan tashi ya ratsa Tenere ya ɗauko gishirin, daga baya ya gangaro kudu ƙasar Hausa neman hatsi. A Dallol Fogha, can wajen Gaya, dafawa ake yi: a tace ƙasa mai gishiri, a ɗora ruwan a wuta har ya ƙone. Malamin da zai koyar da ƙafewa yana da misali a kasuwar garinsa.

Boraks, kanwa da alif

Farin garin da ke cikin yawancin bidiyon sunansa boraks. Gishirin wani sinadari ne da ake kira boron, ana haƙo shi da yawa a Turkiyya da jihar Kalifoniya, kuma a Amurka ana sayar da shi a kantuna a matsayin garin wanki. Samunsa cikin sauƙi a can, da saurin fitarsa, su suka sa ya zama na yayi.

Hukumomi ba su yi baki ɗaya a kansa ba. Tarayyar Turai ta sanya shi cikin sinadaran da ka iya cutar da haihuwa da ɗan tayi, kuma a 2010 ta shigar da shi jerin waɗanda ake sa wa ido sosai. A 2016 hukumar lafiya ta Kanada ta shawarci iyaye su daina amfani da shi a wasannin hannu na yara. A Amurka har yanzu yana kan kanta, masu kare shi kuma na cewa an ga illar ce a dabbobin gwaji da aka ciyar da shi da yawa na tsawon lokaci, taɓawa sau ɗaya ba ta kai nan ba. Kowane ɓangare na da hujjarsa. Sai dai lissafin gidan Maraɗi daban yake: gida ne mai yara da yawa, wani na rarrafe, kofin da aka yi gwaji da shi yana iya komawa bakin randa, kuma farin gari a leda marar suna ba a rabe shi da gishiri da ido. Tun da akwai abin da zai yi aikin ba tare da wannan fargaba ba, babu dalilin wahalar neman boraks.

Haka zancen yake ga shuɗin sinadarin nan na jan ƙarfe da ake gani a littattafan koleji. Kiristal ɗinsa ya fi kowane kyau, kuma kyan ne matsalar, don yaro na iya ɗaukar sa alewa, alhali guba ne. Wurinsa ɗakin gwaji, a hannun malami.

Kanwa ba boraks ba ce. Cakuɗe ce ta gishirin soda iri-iri da gishirin miya da ƙasa, kuma kowace kanwa da nata haɗin, ta Manga daban, ungurnu daban. Idan aka jiƙa ta aka tace, takan ba da ƴan allurai ko ɓawo, amma da wuya ta ba da dunƙule mai kyau, wanda ya fito ma busasshiyar iska kan mai da shi gari. Tana da amfani wajen nuna wa yara yadda tacewa ke raba ƙasa da abin da ya narke, iyakarta ke nan.

Wanda ya fi dacewa shi ne alif, wanda mata ke jefawa a ruwa mai laka ya kwanta, wanzamai kuma suke goga wa wurin aski. Yana da araha, ana samun sa wurin masu kayan ƙoli, haɗarinsa kaɗan ne muddin ba a ci ba kuma bai shiga ido ba. Amma a lura, abu biyu ake sayarwa da wannan suna. Akwai mai haske garau da ido ke ratsawa, shi ne ke ba da fuska takwas. Akwai kuma fari fat mai kama da alli, irin wanda ake tace ruwan famfo da shi, wannan sau da yawa dagwalo kawai yake yi a gindin kwalba. Gwaje-gwaje da dama da ake cewa sun ƙi, daga wurin saye suka lalace.

Yadda ake yi, da abin da kakar Maraɗi ke sauyawa

A daka alif ya yi laushi. A zuba ruwan zafi rabin kofi a kwalba mai tsabta, ruwan leda ko na sama ya fi na rijiya. A riƙa zuba garin cokali-cokali ana motsawa har ya daina narkewa. A tace da ƙyalle mai tsabta, a zuba kaɗan a faranti, sauran a rufe a ajiye. Da safe gindin farantin zai cika da ƴan ƙwayoyi masu walƙiya, wasu sun manne da juna, wasu sun zauna su kaɗai. A zaɓi guda wadda ta kai ƙwayar dawa, mai kaifin gefe, ita ce iri. A ɗaure ta da siririn zaren roba irin na masunta, don zaren auduga kan tara ƴaƴa a jikinsa su ƙwace abincin irin. A ɗaura zaren a tsinke, a gitta a bakin kwalba, irin ya rataya a tsakiyar ruwan da ya huce sarai, bai taɓa gindi ba, bai taɓa gefe ba. Cikin mako ɗaya zuwa biyu yakan kai ƙwayar gyaɗa ko ya fi, kuma idan yaro ya ɗaga shi a rana yana juyawa zai ga fuskokin suna kama haske ɗaya bayan ɗaya.

Umarnin da ke cikin bidiyon an tsara shi ne don ɗaki mai sanyi da ba ya sauyawa. Namu yanayin yana taimakawa ta wani gefe, yana ɓatawa ta wani. A watan Oktoba zafin rana kan haura digiri 35 a Maraɗi, daga Nuwamba kuma iska ta bushe ƙarau. Wannan alheri ne ga gwajin gishiri, don farantin da zai yi makonni a Turai kafin ya ƙafe, a nan ƴan kwanaki sun ishe shi. Har ma saurin kan yi yawa, gishirin ya hau zare ya bi bangon kofi ya yi farin ɓawo maimakon ƴan akwatuna. Maganinsa a rufe bakin da takarda mai ƴan huji.

Matsala ta biyu ƙura ce. Kowace ƙwayar ƙura da ta faɗa cikin ƙosasshen ruwa tana iya zama iri, sai a wayi gari da ɗaruruwan ƙanana maimakon babba guda. Da hunturu ya kama, kwalbar da ba a rufe ba ta tashi aiki. Idan ƙananan sun taru a gindi, sai a ciro irin, a tace ruwan cikin wata kwalba, a mai da shi.

Ta ukun ita ce ta fi rikita yara. A Disamba da Janairu asuba kan sauka ƙasa da digiri 15, rana kuma ta kai wajen 30. Ruwan alif da ya ƙoshi da dare, idan ya ɗumama da rana sai ya sake jin yunwa, ya cinye abin da ya gina. Yaro ya bar irinsa da kaifi da safe, ya dawo da la'asar ya tarar gefen ya mulmule, ko zaren ma babu komai. Shi ya sa aji mai rufin kwano ba wurin ajiya ba ne. Ƙuryar ɗakin ƙasa ta fi, ko gindin randa, ko a binne rabin kwalbar cikin kwano mai yashi, inda zafi ba ya hawa da sauka da sauri.

Sukari kuwa yana da nasa abokan gaba, kiyashi da ƙuda. Sai an ɗora kwalbar a faranti mai ruwa. Ga shi kuma yana cin kofi biyu zuwa uku na sukari a kofin ruwa guda, abin da ba kowace uwar gida za ta lamunta ba.

Batun wuta bai kamata a yi masa sako-sako ba. A Nuwamban 2021 gobara ta kama azuzuwan zana a wata makarantar firamare a nan Maraɗi, yara sama da 20 suka rasu. Ba a hura gawayi ko kunna risho a aji saboda gwaji. Malami ya zo da ruwan zafinsa a filas daga gida, shi zai zuba, yara su karɓi aikin bayan ruwan ya huce.

Masu goyon baya da masu shakka

Masu goyon baya na cewa yaron da ya ga abu da idonsa ya fi wanda ya haddace. A Faransa wannan ra'ayi ya samu ƙarfi daga 1996, lokacin da Georges Charpak, wanda ya ci Nobel a 1992, ya jagoranci shirin koyar da kimiyya da hannu a firamare. Sukan kuma kawo labarin Dorothy Hodgkin, wadda aka haifa a Alƙahira a 1910. Tana da kimanin shekara goma ta fara renon kiristal na alif a wani ƙaramin aji, daga baya ta gano tsarin penisilin da bitamin B12, ta karɓi Nobel a 1964, sannan ta gano na insulin a 1969. Majalisar Ɗinkin Duniya ma ta ware 2014 a matsayin shekarar ilimin kiristal, aka yi gasar renonsa tsakanin ƴan makaranta a ƙasashe da dama.

Masu shakka ba su musanta wannan ba, amma suna da tambayoyi masu nauyi. Malami guda da yara cike da aji, wasu a tabarma, ina zai ajiye kwalabe, wa zai tsare su? Manhaja ta yi yawa, jarrabawa kuma rubutu take tambaya. Yaron da bai iya karatu ba tukuna, me ya fi buƙata? Akwai kuma suka ta cikin gida daga malaman kimiyya kansu: yaro na iya ciro dutsensa ya yi murna ya tafi gida, ka tambaye shi daga ina dutsen ya fito ya ce ruwa ne ya daskare. Idan haka ta faru an yi ado, ba a yi darasi ba.

Idan aka auna, sukar ƙarshen ce ta fi ƙarfi, kuma ita ce ta fi sauƙin magani. Ba a buƙatar kwalba ga kowane yaro. Uku sun ishi aji: ɗaya a taga, ɗaya a ƙurya, ɗaya cikin yashi, ruwa iri ɗaya, iri mai girma ɗaya. Kafin a fara kowa ya rubuta a kaye wadda yake zaton za ta fi girma da dalilinsa. Kowace safiya yara biyu su auna da rula su rubuta a allo, minti biyar ya isa. A ƙarshe a kwatanta. Kwalbar tagar da ta lalace ta fi sauran koyarwa, in dai malami ya tsaya ya tambayi dalili. Ta haka rubutu da lissafi sun shiga ciki, wanda ya rage ƙorafin ɓata lokaci. Inda malami bai saba ba, Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo da ke cikin gari tana da sashen kimiyya, kuma ɗalibanta na sinadarai ƴaƴan unguwannin nan ne.

Abin da ya shafi gida da kasuwa

Amsar tambayar farko a taƙaice take: abin da ke fitowa daga kwalba ba dutsen sayarwa ba ne. Daimon kan samu ne a zurfin da ya kai wajen kilomita 150 a cikin ƙasa, cikin matsi da zafin da babu kwalbar da za ta iya jurewa, wanda ake ƙerawa a masana'anta kuma sai da manyan injuna. Kiristal na alif ko na gishiri, ka jefa shi a kofin ruwa, zai narke. Tun da haƙar zinariya ta bunƙasa a Jado a 2014 sha'awar duwatsu ta ƙaru a ƙasar nan, masu damfara ma ba su yi barci ba, don haka wannan ɗan gwaji na kofin ruwa yana da amfani ga manya.

Wasu kan zuba kala ko ruwan zoɓo don dutsen ya fito ja, sai su ga ya fito kusan fari, launin ya tsaya a zare da ɓawon waje. Dalili shi ne tsarin kiristal ba ya karɓar baƙuwar ƙwaya cikin sauƙi. Da wannan ɗabi'a ake tace farin sukari daga ruwan rake, alhali mazarƙwaila da aka daskarar gaba ɗaya tana riƙe da launinta, da ita kuma ake tsarkake magunguna da yawa. Faifan sola da ake rubuta wa "mono" a kasuwa an yanko ƙwayoyinsa ne daga kiristal guda na silikon, wanda aka rene daga ɗan iri aka ja shi sannu a hankali daga narkakken silikon, bisa dabarar da Jan Czochralski ɗan ƙasar Folan ya gano a 1916.

Zumar da ta yi tsaki-tsaki a kwalba lokacin sanyi, wadda mai saye kan mayar yana cewa an zuba mata sukari, sau da yawa zuma ce ta gaskiya da sukarinta na asali ya fita. Idan aka sa kwalbar a ruwan ɗumi takan koma yadda take, kodayake wannan shi kaɗai ba ya tabbatar da cewa ba a yi algus ba. Farin ɓawon da kan fito a fuskar ƙasa a wasu gonakin noman rani gishiri ne da ruwan ban-ruwa ya bari bayan ya ƙafe, kuma idan ya taru yana rage amfanin gona. Tsakuwar ƙoda ma haka take samuwa: mutum ya yi ta gumi bai sha ruwa isasshe ba, fitsari ya yi kauri, abin da ke narke a ciki ya fara fita ya taru. Dalilin da likitoci ke nanata wa ƴan kabu-kabu da leburori da manoma yawan shan ruwa a lokacin zafi ke nan.